Gam da Laka: Shekaruna da Ƙafafun Keke

Zangona na farko a Amurka ɗakin ƙasa ne a gidan Yaya Dokta, a Upper Marlboro. Ɗan wan mahaifina ne, likitan ƙoda, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi a shekarar da na ci cacar biza. Kafin nan malami ne ni a makarantar koyon sana'a a Malumfashi, ina koyar da zanen injina. Na zo da takarduna a cikin leda, na ɗauka da an gan su za a ce mini ga kujera.

Watannin farko an karrama ni. Daga baya ba wanda ya kore ni, sai dai abinci ya daina saukowa ƙasa, yaran gidan kuma in na yi musu Hausa su amsa da Turanci idonsu na kan talabijin. Unguwar ba bas, ba shago kusa. In ba ka da mota, zaman ɗaki ne kawai. Wata Lahadi Dokta ya sauko ya zauna a bakin gadona, yana juya makullin mota a hannu.

"Nuhu, ƙasar nan ba a zama a jira. Ni ma da wanke-wanke na fara."

"Haka ne, Yaya."

"Akwai wani bawan Allah a Hyattsville, mutumin Maraɗi, yana neman wanda za su haɗa haya. Can akwai jirgin ƙasa, akwai mutane."

Na yi godiya. Har ga Allah ban ga laifinsa ba, amma ranar da ya sauke ni da jakata ya ja mota, na daɗe a tsaye a bakin titi kafin na iya hawa benen.

Mutumin Maraɗin shi ne Malam Idi, direban tasi, dattijo mai furfura a gemu da ciwon baya. Da ya ga na yi mako ina yawo da takardu ina dawowa a bushe, sai ya ce, "Kai, ka iya belo?"

"Na iya me, Malam?"

"Keke, ɗan Najeriya. Akwai masu kai takardu a cikin Washington, tsakanin ofisoshin lauyoyi da kotu. Ba su tambayar digiri. Ƙafa suke tambaya."

Haka na zama ɗan aike. Keken na mutum ne, gyaransa ma na mutum ne. Na fara da wani ƙaton keke na gwanjo mai tayoyi kamar na babur, sauran 'yan aike suna wuce ni kamar ina tsaye. Da na ɗan samu sai na sayi keken tsere tsohon hannu, mai siririyar taya sulɓi kamar ɗan yatsa, wadda ake cika wa iska har ta yi tauri kamar ƙarfe. Gudu kam akwai. Amma titunan birnin cike suke da kwalba da ramuka, ba na raba kwana biyu ban zauna a gefen hanya ina faci ba, rediyon kamfani da ke ƙirjina yana ta kirana. Wani tsohon ɗan aike ne ya tsaya a kaina wata rana, ya matsa tayar da yatsa, ya ce wannan ta masu tsere ce a kan kwalta mai shara. Ni in nemi mai ɗan faɗi, mai kauri a ciki, in rage iska kaɗan, kuma kullum in na tashi aiki in bi ta da allura in ciro ƙananan kwalaben da suka shige kafin su kai ga tub. Bai faɗi sunansa ba, ban sake ganinsa ba. Shawarar tasa ta rage mini wahala sosai.

Sanyi kuma nasa daban ne. Ana zuba gishiri da yashi a titi saboda ƙanƙara, su manne a robar birki, robar ta riƙa cin gefen wili kamar ana goga shi da dutse. Shekara ta uku na shafa gefen nawa na ji ya loɓa ciki kamar cokali. Dole in sauya ƙafafun keken duka biyu.

Na ga talla a intanet. Muka haɗu da mai kayan a wurin ajiye motoci na tashar jirgi, Bature mai fara'a, yana ta kirana abokinsa. Ƙafafun kabon ne, wani abu mara nauyi da ake sawa a madadin ƙarfe, baƙaƙe, masu sheƙi, an liƙe su da sitika kala-kala. Na ɗaga ɗaya na ji kamar faifai. Ya ce sau ɗaya ya yi tsere da su, matarsa ce ta ce ya rage kaya. Da na kai su gida Malam Idi ya juya ɗaya, ya ce, "Wannan kyau haka, a wannan farashi? Nuhu, ka duba da kyau." Na ce na duba.

Ban kai wata da su ba. Ina saukowa wani gangare da safe, mota ta buɗe ƙofa a gabana, na danne birki, sai na ji ƙas! Ƙafar gaba ta ninke. Da na farfaɗo ina kwance a kwalta, wata mata ta cire mayafin wuyanta ta tallafe mini kai, tana cewa kar in motsa. Ƙashin kafaɗata ya karye. Lambar mai fara'a ta daina shiga. Kamfanin da nake wa aike suka ce ai ni ba ma'aikacinsu ba ne, mai zaman kaina ne, Allah ya ƙara sauƙi.

Malam Idi ne ya riƙa sa mini riga, ya dama mini kunu kafin ya fita. Da na kira Inna na gaya mata na faɗi da keke, dariya ta fara yi.

"Keke? Duk motocin Amurka, Nuhu, keke ka je ka hau?"

Sai kuma dariyar ta tsaya. Na ji ta ja hanci. "Wa ke ba ka abinci?" Ta sa na miƙa wa Malam Idi wayar, ta yi ta sa masa albarka har katin ya ƙare.

Ƙafar keken ta baya ba ta yi komai ba, don haka da na fara fita, hannuna rataye a wuya, na kai ta wani ƙaramin shago a bayan layinmu in sayar. Mai shagon tsohuwa ce, Madam Rut, gajeriya, gashinta fari fat, yatsunta duk sun kumbura a gaɓoɓi. Ba ta sayar da keke, ƙafafu kawai take haɗawa da gyarawa. Ta karɓi tawa ta ƙwanƙwasa ta da sufana a hankali, tana zagayawa tana saurare. A wani wuri sautin ya mutu. Ta sa farce ta ɓare sitikar wurin. Ga tsaga nan, siririya kamar gashi.

"Wannan ma kwananta ya kusa," in ji ta.

Na ce to ta ba ni abina, zan kai wani wuri. Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke rataye. Sai ta ɗaure ƙafar a kan teburi, ta ɗauko zarto, ta raba ta biyu a gabana. Raina ya ɓaci. Na ce da wane iko? Ta ce, "In ka kai ta wani wuri, wani ne zai kwanta a titi kamar yadda ka kwanta." Na juya zan fita, ta ce, "Tsaya. Hannu ɗaya zai iya riƙe burushi?"

Zangona na uku ke nan, kuma shi ne mafi tsawo.

Akwai tayoyin tsere da ba a sa musu tub daban, tub ɗin a ɗinke yake a cikin tayar, ita kuma da gam ake liƙa ta a jikin wili. Aikin da ta fara ba ni ke nan. Za ka kankare tsohon gam, ka shafa sabo siriri a wili da kuma a cikin tayar, ka rataye ya kwana, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, sannan ka ja tayar da ƙarfin tsiya ka ɗora ta, ka daidaita ta kafin gam ya kama. In ka yi gaggawa, ranar tsere mutum na shan kwana tayar za ta zame daga wili ya ci ƙasa. Warin gam ɗin yana hawa kai, da yamma abinci ma ɗanɗanonsa yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne alwala. Gam ya bushe a yatsu, ruwa ba ya taɓa fata, in tsaya a banɗakin shago ina kankara har lokacin Azahar ya nemi wucewa. Madam Rut ta ga ina daɗewa, ta tambaya, na yi mata bayani. Washegari na tarar da kwalin safar hannu ta roba a kan teburina. 

Da kafaɗa ta warke ta koya mini haɗa ƙafa daga farko: zura wayoyi, ɗaure su kaɗan-kaɗan, juya wili ana kallon inda ya karkace. Ita da kunne take aiki, ta taɓa waya kamar mai kaɗa garaya ta ce wannan ta yi sako-sako. Ta koya mini tambayar mutum kafin in zaɓa masa: nauyinka nawa, ina kake hawa, kai kake gyara abinka ko kawo mana za ka yi? Ƙato mai zuwa aiki kullum, wayoyi masu yawa da wilin ƙarfe mara nauyi. Mai tseren kwalta, wili mai zurfi mai yanka iska, amma a gaya masa ranar guguwa zai sha wuya. Yawancinsu ba sa ji. Abin da suka gani a mujalla shi suke so.

Ina zuwa gida jefi-jefi, in yi mako uku in dawo. Kullum Inna ta ce, "Yaushe za ka dawo gaba ɗaya ka yi aure?" In ce saura kaɗan. Shekaru suka yi ta tafiya, saura kaɗan ɗin bai ƙare ba. Bayana ya fara irin ciwon na Malam Idi.

Daga ƙarshen zafi zuwa tsakiyar sanyi ake wani tsere da suke kira saikulokuros. Ni tseren laka nake ce masa. A filayen gona da wuraren shaƙatawa na Maryland da Virginia ake yi, a zagaye wuri da ribon, mutane su yi ta kewayawa a kan ciyawa da yashi da taɓo, wani wuri su sauka su saɓa keken a kafaɗa su yi gudu. 'Yan kallo na kaɗa ƙararrawa suna ihu. Manya ne fa, lauyoyi da likitocin haƙori, sun biya kuɗi don su yi birgima a laka. Shekarata ta farko na yi ta mamaki. Daga baya na daina mamakin komai.

Shagonmu ke kula da wata ƙungiya, kuma da yatsun Madam Rut suka gaza ni nake bin su kowace Lahadi da motar kaya cike da ƙafafu. A wannan tsere taya ita ce komai. In ƙasa ta bushe, mai ƙananan zane kamar magogi. In da ɗan danshi, mai matsakaitan haƙora. In an yi ruwa, mai manyan haƙora wara-wara yadda laka ba za ta cushe ba. Iska kuma kaɗan ake sawa, har ka danna da babban yatsa ka kusa taɓa wili, don tayar ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Kowane ɗan tsere yana da keke biyu. Ya shigo wurin masu gyara, ya jefo maka mai laka, ya cafke mai tsabta, kai kuma ka ruga wurin tiyo ka wanke kafin ya zagayo. Ruwan kamar ƙanƙara. Ran Litinin kuma in zauna in buɗe boris ɗin da ruwa ya shiga in sake giris, in busar da tayoyi, in duba gam.

Wanda na fi yi wa aiki Mista Gireg ne, lauya, dogo, ba mugu ba ne amma ba ya ganin kowa ranar tsere. Maƙwabcina a wurin wanki kuma Cepe, mutumin El Salbado, makanikin wata ƙungiya. Turancinsa da nawa duk a karye suke. Yakan miƙo mini kofi, ni in miƙa masa dabino.

A wata shekara Inna ta kwanta da ciwon ƙafa da hawan jini. Ƙanena Habibu ya ce da sauƙi, tana ci tana sha. Na yanki tikiti na watan Janairu, bayan an gama tseren shekara, na gaya mata. Ta ce, "Allah ya kai mu."

Wata Lahadi a watan Nuwamba kwana aka yi ana ruwa. Filin, can hanyar Woodbridge, ya zama kamar fadama bayan shanu sun bi. Na sa wa Gireg masu manyan haƙora, na rage iska. An fara tsere da hantsi, ya zagayo sau ɗaya ya jefo mini keke, ina tsaka da wanki waya ta yi ƙara a aljihuna. Habibu ne, shi da ba ya kira ran Lahadi, ya san ina fili. Na cire safa da haƙori na ɗauka.

"Yaya."

Daga yadda ya faɗa na gane.

"Inna ta cika. Bayan Azahar. Mun yi ta kiranka ba ya shiga. Yanzu haka an fito da ita."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tiyon na hannuna yana ta zuba a kan takalmina. Na ce, "Habibu, kar ka kashe. Sa wayar a aljihun gaba, ka bar ta a buɗe."

Na hango rigar Gireg ta ɓullo daga cikin itatuwa. Keken bai gama wankuwa ba, ni kuma ina tsaye da waya a kunne. Cepe ya dube ni. Ya zare tiyon daga hannuna, ya watsa wa kacar ruwa, ya saɓi keken ya ruga ya miƙa wa Gireg, ya karɓi mai lakar. Nasa mutumin ya shigo bai samu kowa ba, ya wuce yana zagi.

Na koma bayan motarmu na tsaya, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Ina jin takun mutane, da tarin wani tsoho da na gane kawuna ne, da kukan akuya daga wani gida. Na ji liman ya ce a daidaita sahu. Na ji kabbara. Na san ba a bin liman ta waya, ban bi ba, tsayawa kawai na yi ina mata addu'a, a bayana ƙararrawa na ta kaɗawa, wani yana ihu a lasifika. Na bi su da kunne har maƙabarta. Ina jin ƙarar ƙasa lokacin da wayar ta yanke.

Da aka gama Gireg ya zo, laka har gira, yana haki. Ya ce, "Nuhu, tayar gaba ta yi tauri a keke na biyu, sau biyu na zame a kwanar can ƙasa." Na ce to, zan duba. Na durƙusa na danna ta da yatsa. Gaskiyarsa, ta yi tauri. Cepe ne ya ja shi gefe. Shi ma bai san abin da ya faru ba, abin da ya gani a fuskata kawai ya gaya masa. Gireg ya dawo ya tsaya a kaina, ya ce me ya faru? Na ce mahaifiyata ce, yanzu aka binne ta.  Sai ya fara kwasar ƙafafun da kansa yana jerawa a mota, ba daidai ba, amma ban hana shi ba. Shi ya tuƙa ni har Hyattsville da rigarsa ta laka, ya bar tasa motar a filin. Duk tsawon hanya da cunkoson bai kunna rediyo ba.

Malam Idi ya ajiye tasi kwana uku, ya shimfiɗa tabarmi a falo, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa. Rana ta huɗu na koma shago, domin akwai tayoyin da na shafa wa gam tun kafin Lahadi, in suka wuce lokaci sai an kankare an sake.

Na tafi a Janairu da tikitin nan. Habibu ya kai ni maƙabarta, ya nuna mini tudun, na yi abin da ake yi. Ban yi kuka ba, gajiya kawai nake ji, irin wadda barci ba ya maganinta. Ana gobe zan dawo ƙanwata Asabe ta kira ni ɗakin Inna. Ta jawo wata tsohuwar roba daga ƙarƙashin gado. Kuka ce a ƙulle a leda, da daddawa, da kwalbar yaji.

"Ita ta yi maka, Yaya. Tun da ka ce za ka zo. A zaune ta daka yajin nan, mun hana ta ta ƙi. Ta ce namu ba ya yin yadda kake so."

Na kawo su Hyattsville a tsakiyar kayana. Kukar da daddawar muka ci da Malam Idi. Yajin kuwa ban ba kowa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Da bakin cokali nake ɗiba, wani lokaci in buɗe in shaƙa kawai in rufe. Duk da haka ƙasa yake yi. Ya kai ni har zafi ya wuce, ganye ya fara ja, masu tseren laka suka fara kawo ƙafafunsu shago.

Ranar da ya ƙare da safe ne, ina cin shinkafar jiya kafin in fita. Na kife kwalbar na bubbuga gindinta, ɗan ja-ja ya zubo, shi ke nan. Na zuba ruwan ɗumi kaɗan a ciki, na girgiza, na shanye. Malam Idi yana bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, ya ga abin da na yi, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙan Inna," in ji shi.

Na ce amin. A nan kukan ya zo, ina riƙe da kwalbar. Ya cire takalmin da ya ɗaura, ya dawo ya zauna kusa da ni. Ranar dukanmu mun makara.